Za a Binne Hayaƙi a Tungar Baushe

Tun da 'yan bindiga suka tashi Tungar Baushe, Maccido yake raɓe a Rabah shi da iyalinsa, yana dakon albasar wasu. Kullum zancensa ɗaya, ruwa na sauka zai koma gonarsa.

Sai ga wani kamfani da sabon zance. Hayaƙin masana'antu da ke ƙara wa duniya zafi za a riƙa tarewa, a matse shi cikin tankuna, jirgin ƙasa ya kwaso shi, a tura shi can ƙarƙashin ƙasa. Wurin da babu kowa suke nema. Ba su sha wahala ba, ɓarayi sun riga sun share musu.

Injiniyansu, Musaddiq, ɗan Wurno, ya ɗauki Maccido don ya nuna musu hanyar garin. Motocin soja gaba da baya. Suka tarar da gari jinka ta rufta, rumbuna sun zama toka.

Maccido ya dubi Musaddiq ya ce, "Ɗana, sojan ga duk don hayaƙi anka kawo su?"

"Don ma'aikata, Baba. In layin dogo ya iso har bariki za a yi."

"Bariki! Mu da munka yi ta kuka ko ɗan sanda guda ba mu gani ba. Ashe da hayaƙi munka zan, da an tsare mu."

Wani soja ya tuntsire da dariya. "To Baba, a kawo ashana?"

Musaddiq bai yi dariya ba. Ya ja Maccido gefe ya ce, "Ba ni ɓoye maka. Ba a zuba shi ƙarƙashin garin da mutane ke kwana. In na iske ko gida guda da mai shi, in koma in ce wuri bai yi ba. In ban iske ba, waya za a kewaye, ba mai sake shigowa."

"Har maƙabarta?"

"Har ita."

"To mi kake jira? Ka iske mutum. Ga ni."

Maccido ya shiga kangon gidansa, ya karyo reshe ya share tsakar gida, ya tara kara ya hura wuta a murhun matarsa. Ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna. Su kuma ma'aikatan kamfani suka yi ta kafa turakun awo har cikin gonarsa.

Da la'asar ya je masallaci. A ƙofa ya ga sawun babura, sabo fil, ko iska ba ta taɓa shi ba. A ciki ga toka da ɗuminta, ga ƙasusuwan akuya. Ya yi sallarsa a gaggauce, bai san me ya karanta ba.

Babban sojan ya ce, "Baba, mu za mu wuce. Ba a ba mu umarnin barin soja ko guda nan ba."

Aka tada motoci. Maccido ya tsaya bakin gidansa yana kallon daji, yana tuna bakunan da ke jiransa a Rabah. Motar farko ta ja. Ta biyu na juyawa ya ɗaga hannu, aka tsaya, wani soja ya jawo shi sama.

Kada wanda ke kwana bayan ƙofar ƙarfe ya kira shi matsoraci. An ba shi zaɓi tsakanin ransa da garinsu, kuma waɗanda suka ba shi zaɓin sun san amsar tun kafin su taso.

Musaddiq bai iya haɗa ido da shi ba har suka hau kwalta.