Kunyar 'Yar Fari

Gwaggo Saude na zagayawa bayan ɗaki zubar da ruwan wanka, Muhuyi ya jingine gatarin da yake faskare da shi, ya goge hannu a jikin wando, ya lallaɓa zuwa ƙofar ɗakin matarsa kamar mai shiga gonar wani. Kwana huɗu ke nan da haihuwar 'yarsa, bai taɓa riƙe ta ba. Ya dai ji kukanta ta bango, ya ga tsummokaranta a kan igiya, ya fasa itacen da zai ishi gidan biki, amma ita 'yar sai labari.

"Yi sauri," in ji matar tasa Ramla cikin raɗa. Ta ɗaga labule ta miƙo masa jaririyar a naɗe cikin zani.

Ya saba ciro tarwaɗar da ta fi ta nauyi daga ruwan dam ɗin Tiga da hannu ɗaya, amma yau da hannu biyu ya karɓe ta. Jaririyar ta yamutsa fuska, ta yi wata 'yar hamma, ƙanshin nono da hayaƙi ya bugi hancinsa. Daɗi ya cika masa ciki har ya ji yana dariya shi kaɗai. Ya sa yatsa a tafinta, ta damƙe.

Ɗakin jegon duhu ne. An toshe tagar da tsohon bargo, ga garwashi a ƙarƙashin gado dare da rana, don haka wannan ne karon farko da hasken rana ya sauka a fuskar yarinyar. Ta buɗe ido. Inda ya kamata ya ga fari, sai ya ga ruwan ɗorawa. Ya janye zanin, goshinta ma haka, ƙirjinta ma haka. 

"Muhuyi, kunyar taka kifi ne ya cinye ta a ruwa?"

Bai ji dawowar Gwaggo ba. Ƙanwar mahaifinsa ce, an ɗauko ta daga Ba'awa ta yi wa Ramla wanka, tunda mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa. Masu jegon da suka bi ta hannunta sun haura ashirin, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Jariran da ba su kai arba'in ba kuwa, ba ta sa su a labari. Ta fizge yarinyar daga hannunsa, ta watsa wa Ramla wani kallo da ya mayar da ita ƙuryar gado.

Ya rusuna, ya yi mata bayani da ladabi. Ya ce ran da ya raka Ramla awo, da kunnensa ya ji malamar asibiti tana cewa in idon jariri ya yi ɗorawa shawara ce, a kawo shi a ranar, kada a kwana.

"Fara ce, kakarta ta ɗauko," in ji Gwaggo. "Kai da ko kallonta bai kamata ka yi ba, har ka kai ga duba mata ido. 'Yar fari fa. Allah ya sawwaƙe mana 'ya'yan zamani."

Ta saki labulen a fuskarsa.

* * *

Baffa Datti, yayan mahaifinsa kuma mai gidan, yana zaure yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya saurari Muhuyi har ƙarshe ba tare da ya ɗago kai ba. Sannan ya ce tun kafin ruwa ya cinye tsohon garinsu a tashe su a kawo su nan, ba a taɓa fita da jariri daga gidan nan kafin suna ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ce shi da ya haifi ɗansa na fari, sai da yaron ya fara tafiya kafin ya san kamanninsa, ga shi nan yau da iyalinsa.

"Naka itace ne da rago. Sauran na mata ne. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin la'asar labari ya isa bakin ruwa. Dama masunta suna riƙe da shi tun ran da aka gan shi zaune a bencin mata masu ciki, yanzu kuwa sun sami abin da suke nema. Yana kwance kwale-kwalensa wani ya ce a matsa ga ungozoma nan, wani ya tambaye shi ko shi ma ya fara shan kunun kanwa. Aka bushe da dariya. Muhuyi ya yi yaƙe ya tura jirgi cikin ruwa.

Gaskiya ɗaya ce, ba kuma ta da daɗi: Muhuyi ya ji tsoro. Ba mutuwa ya ji wa tsoro ba, dariya ya ji wa. Ya ce wa kansa kwana uku ne kawai suka rage, da an raɗa suna sai ya ɗauke ta ba mai cewa uffan. Ya ce wataƙila ma Gwaggo ta fi shi gani. Da wannan ya lallashi zuciyarsa ya ƙarasa wunin a kan ruwa, ya kuma wuni a can washegari, yayin da Gwaggo ke ɗura wa yarinyar jiƙon rawaya da cokali.

Ranar kwana shida da hantsi ya kawo karfasa manya guda biyu don farfesun mai jego. Gida ya cika da mata, ana surfe ana daka, ragon suna yana ɗaure a gindin darbejiya. Ta bayan ɗaki ya ji kukan. Ba irin na da ba ne, wani siriri ne mai tsini da yake yankewa ya dawo. Ya ƙwanƙwasa tagar a hankali, Ramla ta ɗan janye bargon. Idanunta sun kumbura.

"Tun jiya ba ta kama nono ba, sai banƙarewa take yi," in ji ta. "In na yi magana Gwaggo ta ce na cika rashin ta-ido, wai wa ya taɓa ganin uwa tana rawar jiki a kan 'yar fari. Muhuyi, ni dai ina jin tsoro."

Ya ajiye kifin a ƙasa.

* * *

Ta tsakiyar matan ya ratsa, ba sallama, ya ɗaga labule ya shiga. Taɓarya ta tsaya a hannun masu daka. Da ya fito da yarinyar a ƙirjinsa, Gwaggo ta tare hanya ta ware hannuwa. Ta kira shi mara kunya, ta kira shi mijin-ta-ce, ta ce Ramla ce ta shanye shi, ta ce da uwarsa na da rai da baƙin ciki ya kashe ta yau. Ya kewaye ta ya wuce. Ramla ta fito a bayansa da hijabi a karkace, tana tafiya da ƙyar.

Baffa yana tsaye a bakin zaure, bai ɗaga murya ba.

"Gobe suna, na gayyaci mutane. In ka fita da ita daga gidan nan, duk abin da ya same ta kai ka ja mata."

"Na ji, Baffa. Ka yi haƙuri."

Ya miƙa wa Ramla yarinyar, ya tayar da babur.

A ƙaramin asibitin gari malamar tana buɗe zanin ta ce nan ba wurinta ba ne, su wuce Kano yanzu yanzu. A Kano aka karɓe ta da gudu. Likitan, wani siririn mutum mai furfura, ya tambayi Muhuyi yaushe suka fara ganin launin. Ya ce shekaranjiya. Likitan ya dube shi, bai ce komai ba, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Duk zagin da Gwaggo ta yi masa bai yi masa zafin wannan shirun ba.

Aka canza mata jini, aka rufe mata ido aka kwantar da ita a ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Can gida aka yanka rago ba jaririya ba mai jego. Ta waya ya aika da sunan, Barakatu, Baffa ya ji ya kashe wayar ba tare da ya ce Allah ya raya ba.

Abin mamaki, kwana taran da suka yi a asibitin nan su ne kwanakin da ya fi jin daɗi tun da aka haife ta. Ba wanda ya san shi balle ya yi masa dariya. Ya koyi canza mata ƙunzugu, ya koyi ɗora ta a kafaɗa yana shafa bayanta har ta yi gyatsa. Ran da ta sake kama nono, shi da Ramla suka yi ta kallon juna suna dariya kamar yara. Da za a sallame su likitan ya ce ta tsira da ranta, amma ciwon ya jima a jikinta kafin a kawo ta, su sa ido a kan kunnenta.

* * *

Gidan da suka dawo ba shi suka bari ba. Gwaggo ta tattara kayanta ta koma Ba'awa, ta bar magana a kowane gida da ta wuce. Baffa yana amsa gaisuwarsa da ka. Muhuyi kuwa ya riga ya zubar da abin da ake tsoron zubarwa, sai ya riƙa ɗaukar 'yarsa a fili. Da ya dawo daga ruwa zai wanke hannu ya karɓe ta, ya hura mata ciki ta yi ta ƙyalƙyala, ta cafki gemunsa ta ja. Ta yi masa fitsari a riga ba adadi, bai taɓa jin haushi ba.

Tana wata bakwai, wata rana faranti ya suɓuce wa Ramla ya faɗi a kan siminti dab da ita. Kaji suka watse, shi kansa sai da ya zabura. Barakatu tana zaune tana tsotsar yatsan ƙafarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Suka koma Kano, aka gwada, aka tabbatar musu da abin da suka riga suka sani.

Ba a yi mako ba unguwa ta gama yanke hukunci. Ai ga shi nan, an fita da yarinya kafin suna, iskar hanya ta buge ta. Wasu suka ce fitilar asibitin ce ta ƙone mata kunne. Ba wanda ya ambaci kwana biyun da aka yi ana ɗura mata jiƙo, sai shi, kuma shi a ransa yake ambata, kullum.

Da damina ta kama, matar Jibrin maƙwabcinsa ta haihu, ɗan fari. A kwana na uku Ramla ta dawo daga barka, ta ce idon yaron ya yi ɗorawa. Muhuyi bai tsaya sa takalmi ba. Ya saɓi Barakatu a kafaɗa ya sami Jibrin a ƙofar gida yana faskare. Ya faɗa masa komai, har da tsoron da ya ji da kwanakin da ya ɓata, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ga babur nan, shi zai kai su da kansa.

Jibrin ya saurara, ya dubi yarinyar da ke kafaɗarsa ya daɗe yana dubanta.

"Mun gode, Muhuyi. Ai mun ga yadda taka ta dawo."

Ya ɗaga gatari ya ci gaba da aikinsa.

Muhuyi bai koma gida ba. Ya gangara bakin ruwa inda babu kowa, ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, ya zaunar da ita a cinyarsa tana fuskantar dam. Balbelu suna sauka a gaɓa, ta miƙa musu hannu tana dariya. Ya sunkuya dab da bayan kunnenta, ya kira sunan da aka ce uba ba ya kamawa a bakinsa.

"Barakatu."

Ya sake kira, da ƙarfi. Ita dai balbelun take kallo.