Tukunya ta Uku Ta Yi Ja

Shekara tara Keziah tana yin madarar waken suya a Zuru, kuma duk tsarin aikin a kanta yake: jiƙo, niƙa, tata, dahuwa, zubi a gora. Da ma'aikatanta suka kai takwas, sai abu ya fara fin ƙarfin idonta. 'Yarta Praise, wadda ta karanci kwamfuta, ta zaunar da ita kwana biyu tana yi mata tambayoyi, sannan ta zana aikin daki-daki ta sa a waya. Kowa ya gama nasa sai ya danna a wayar. In aka tsallake wani mataki, layin ya yi ja.

Wata Asabar aka buƙaci gora ɗari huɗu don taron zumuntar mata a Ribah. Keziah tana kasuwa wajen mai sukari sai wayarta ta yi ƙara. Tukunya ta uku ta yi ja. An zuba a gorunan da aka sa wa lambar tukunyar a murfi, an loda mota, amma ba a danna dahuwa ba.

Ta kira Peculiar, mai kula da tukwane.

"Mama, gas ne ya ƙare tana fara zafi," in ji Peculiar tana kuka. "Na fita sayo wani, kafin in dawo masu zubi sun ɗauka ta dahu, sun zuba."

Keziah ta bar cinikin sukarin. Ta san abin da ɗanyen waken suya ke yi wa ciki, ga tsofaffi da masu goyo a taron. Ta kira Abdulrashid direba, wayar ba ta shiga. Ta sake, shiru. Sai a kira na biyar ya ɗauka, ana jin ganga da waƙa a bayansa.

"Malam Abdulrashid, an fara rabo?"

"A'a, Mama, yanzu nake saukewa. Wa'azi ne ya yi tsawo."

"Duk gorar da ka ga lamba uku a murfinta, mayar da ita mota. Ko ɗaya kada ta fita."

Ta tsaya a kan layi har ya gama tsincewa, ya ce duk suna hannunsa.

Sai a lokacin ta zauna a kan buhun sukari tana dariya, hawaye na zuba. Mai shagon ya miƙo mata ruwa. Ta sha, ta goge fuska da bakin zane, ta kira Peculiar.

"Bar kuka haka nan. Ɗora wata tukunya, ga ni nan tafe."