Ragowar Dusar Masifatu

Kwana huɗu da kwantar da matarsa a asibiti, Tela ya fito da kwanon dusa ya tarar da Masifatu a rakuɓe bayan akurki. Masifatu kuwa baƙar kaza ce da ba ta barin kowa ya sa baki a kwano sai ta ƙoshi, har zakaran shakkarta yake yi. Yau ga ta ta saki fukafukai, ido a lumshe, tana gyangyaɗi da hantsi.

Kaji goma sha ɗaya ne, duk na matar, kuma ranar da za a shiga da ita ɗakin tiyata abu ɗaya ta ce masa: "Baban yara, kajina amana." Shi da ya shekara talatin a kan keken ɗinki, ina shi ina kaji?

Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi. Ya buɗe bakinta, wani yawu mai yauƙi ya biyo yatsansa. Zankonta ya yi duhu, kashin da ya manne mata a gashi kore shar. Da ya kara kunne sai ya ji numfashinta yana ƙara, kamar keken da ya daɗe bai sha mai ba.

Likitar dabbobi ta ƙarshen layi ta zo, ta daɗe tana kallon kazar kafin ta sa safar hannu.

"Baba, sauran suna ci?"

"Ci kai! Har faɗa suke."

"To a raba ta da su yanzun nan. Ɗakinta daban, kwanonta daban. In abin da nake zargi ne, ba ya barin ko ɗaya."

Wallahi Tela ya bi umarni. Ya sa Masifatu a kwali ƙarƙashin teburin yanka a ɗakin ɗinki, ya shimfiɗa mata tsumma, yana ɗura mata ruwan magani da sirinji, ɗigo-ɗigo, yana lallashinta. Ya ware mata kwano nata, kuma kwanon nan bai taɓa ƙetare ƙofa ba.

Sai dai fa mutumin naku bai taɓa zubar da ƙyalle ba a rayuwarsa. Guntayen yadi buhu uku ne a bayan ƙofa. Kullum zai jiƙa wa Masifatu dusa, ta caccaka sau biyu, yawun nan na ɗiga ciki, ta kau da kai. A zubar da dusa mai kyau? Haba, almubazzaranci! Sai ya kankare ragowar a takarda, ya kai wa sauran. Su kuwa su yi ta wawaso, shi yana tsaye yana jin daɗi.

Rana ta biyar da raba ta da sauran, Masifatu ta miƙe, ta sare shi a yatsa har da jini. Tela ya yi dariya, ya ce, "Ja'ira, kin dawo!" Ya fita tsakar gida da murnarsa, a nan ne ya tuna yau bai ji cara ba.

Ya buɗe akurki. Ba wadda ta yi rige-rigen fita. Uku suna kwance, ƙafafu a sanƙare. Zakaran na tsaye, wuya a murɗe, baki na kallon sama, yana zagaya wuri ɗaya. Sauran sun jeru jikin bango, sun saki fukafukai.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Matar ce, kuma tun da aka yi aikin bai ji muryarta da ƙarfi haka ba.

"Baban yara, jibi za a sallame ni! Don Allah kai wayar bakin akurki in ji su, na yi kewarsu."

Ya miƙa wayar cikin akurkin.

Can muryarta ta fito, ƙarama: "Ka kai kuwa? Ni ban ji komai ba."