Tukunyar Nama, Miyar Fanas

A shekarar da Kawu Gershon ya naɗe wuƙaƙensa ya tafi Isra'ila, nama ya ƙare a gidanmu. Ba kaji ne suka ƙare a garinmu Alibag ba, ga su nan suna yawo har cikin tsakar gida. Mai yanka ne babu. Shi kaɗai ya rage a garin da ya iya yanka irin namu na Yahudawa, da wuƙar da ba ta da ko ɗan tsagi, da addu'arta. 'Ya'yansa sun daɗe da tafiya, suka yi ta damunsa har ya bi su. Ranar da ya zo sallama ya yanka mana kaza, Ayi, wato mahaifiyata, ta dafa, muka ci shiru kamar gidan makoki.

Akwai masu yanka a Bombay, amma ba mu da firji, kuma Baba ba ya cin naman da bai ga wuƙar da ta yanka shi ba. Kifi kuwa yana da kaskonsa daban, ga shi da damina masunta ba sa fita.

Kicin ɗin Ayi kashi biyu ne, kamar na kowane gida namu, domin nama da nono ba sa haɗuwa, ko a ciki ko a tukunya. A hagu tukwanen nono, na gwangwani, duk sun lotse. A dama tukwanen nama, na tagulla, kowace an zana sunan mai ita a baki. Akwai ta kakata Yerusha, babbar da ake girkin daren Asabar a ciki. Akwai na ƙannen Ayi, waɗanda suka bar mata nasu lokacin da suka hau jirgi. Duk safiyar Juma'a ni ke goge su da tsamiya da toka, ina yi ina gunaguni, Ayi na tsaye a kaina tana nuna inda na tsallake. Yau da zan samu wanda zai tsaya a kaina haka, da na gode.

Baba mutum ne mai injin matse mai, abin da ba ya aiki ba ya burge shi. Wata rana ya leƙo kicin ya dubi kantar dama.

"Segula, tukunyar da ba ta hawa wuta kaya ce kawai. Dangin Gershon za su aika akwati bayan damina. A saka su a kai wa Elisheba, can suna cin nama."

Elisheba yayata ce, ta yi aure ta tafi tuntuni.

"In tukunyar uwata za ta hau jirgi, a yi akwatin da faɗi, ni ma in shiga," in ji Ayi.

"To me za ki dafa a ciki? Wake da kabewa? Wannan ko gwangwanin madara ya dafa su."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ayi ta gwada dafa wake a babbar tukunyar, ya kwanta can ƙasa kamar maraya. Ayi gwanar nama ce. Ganye a wurinta rakiya yake yi, ba ta taɓa koyon yadda ake mai da shi uban tafiya ba. Ga girman kai, ba za ta tambayi maƙwabta ba, wai kada a ce Segula ta tsufa ba ta iya girki ba. Ta gwammace ta tsallaka ruwa ta tambayi littafi, shi ba ya kai gulma.

Haka muka hau jirgin ruwa zuwa Bombay, ni da ita, muka shiga wani shagon littattafai a unguwar Girgaon. Mai shagon dattijo ne, tabarau a kan karan hanci, yana jin ta ce littafin girkin da ba nama sai ya washe baki.

"Yaya, kin zo gida. Rabin garin nan ba sa cin nama."

Ya ajiye mata wani ƙato mai hotuna. Ayi ta goge hannu a gefen zanenta na sari, ta buɗe, ta bi da yatsa. Man shanu. Ta juya. Man shanu da kindirmo. Ta sake juyawa, cuku. Ta rufe.

"Wadda ta rubuta wannan saniya ce ta haife ta? Ba ka da wanda ba nono?"

"Ba nama, kuma ba nono?" Ya dube ta ta saman tabarau. "Likita ne ya hana?"

"Wanda ya fi likita."

Ya kawo wani, na mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. Ayi ta karanta shafi ɗaya ta ɗago.

"Ba albasa, ba tafarnuwa? Girki ne ko horo?"

Ni fa na gaji, ƙafata ta yi tsami, kuma hoton wani abu mai yawo cikin man shanu a littafin farko ya tafi da hankalina. Na ja ta gefe.

"Ayi, tunda ba nama a gidan, ai nono ya halatta da komai. Ki ɗauki na farkon mana. Mun huta da rabe-raben cokula."

Ta yi mini wani kallo, irin wanda take yi wa kifin da ya kwana.

"Ruhama, kanki dai ado ne. In na ɗauki wancan, a wace tukunya zan dafa?"

"Ta nono."

"Kullum?"

"Kullum mana."

"To na dama fa?"

Sai a lokacin na gane. Duk abin da man shanu ya shiga ba zai taɓa tagullar nan ba. Littafin da nake so shi ne zai ɗaure wa Baba akwatinsa. Ayi ba girkin ganye take nema ba, abin da zai sa tukunyar uwarta ta ci gaba da hawa wuta take nema, kuma a ranar na ji tausayinta ya kama ni.

Dattijon ya ji mu, bai nuna ya ji ba. Ya hau tsani ya sauko da wani siriri, bangonsa ya koɗe, ya bubbuge ƙurar a cinyarsa.

"Wannan ya ƙi tafiya. Wata mata ce ta rubuta, 'yar gidan masu cin nama, ta auri gidan da ba a ci. Masu cin ganye sun ce girkinta ya cika kama da nama, ƙyama suke ji. Masu cin nama kuma me za su yi da shi?"

Ayi ta zauna a kan buhun takardu ta bi shi shafi-shafi, ba ta bar ko ɗaya ba. Man gyaɗa, madarar kwakwa, albasa har ta yi ja. Wuri biyu ko uku man shanu ya leƙo, ta ce waɗannan shafukan za ta liƙe su da dafaffiyar shinkafa. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya, leɓenta na motsi.

"Fanas," ta ce. "Ɗanye."

Muna da bishiyarsa a bayan gidanmu, 'ya'yan manya-manya masu ƙaya a jiki, sun fi kabewa girma. Nunanne muke sha. Maƙwabta kan yayyanka ɗanyen ƙanana su soya, Ayi na kiransa abincin awaki. Matar littafin kuwa ta ce a yanka shi gunduwa-gunduwa, a soya har ya yi ɓawo, sannan a dafa da kayan yajin nama.

Ranar Juma'a tun da hantsi muka shafa mai a hannu saboda ƙaronsa, muka fasa ɗaya. Ina karantawa Ayi tana yi, tana kuma musu da littafin. "Ƙarya take, wannan barkonon ya yi kaɗan." Babbar tukunyar ta hau wuta. Kafin la'asar ƙamshin da na manta ya cika gidan, har karen maƙwabta ya zo ya zauna a bakin ƙofa.

Rana ta faɗi, Ayi ta kunna fitilar Asabar. Baba ya dawo daga ɗakin ibada ransa a ɓace, domin ranar ma ba su cika mutum goman da ibadar jam'i ke buƙata ba. Ya yi addu'a, aka zuba masa a kan shinkafa. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, sai ya tsaya cak. Ya sa yatsa ya yaga gunduwa, ta rabu zare-zare. Fuskarsa ta sauya.

"Segula, wa ya yanka?"

"Ni."

"Ba wasa nake yi ba. Wurin wane mahauci kika je? A gidana? A tukunyar uwarki?"

"Na ce ni na yanka. Da kaina na zagaya bayan gidan nan na kamo shi, bai ko yi kuka ba. Ruhama ce ta riƙe mini ƙafafu."

Dariya ta ƙwace mini. Na tashi na ɗauko ɓawon mai ƙaya na ajiye a gabansa. Ya dubi ɓawon, ya dubi kwanonsa, ya dubi Ayi.

"Abincin awaki," ya ce a hankali.

"Ci dai, bunsuru."

Ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsu. Bai ce ya yi daɗi ba, Baba bai taɓa cewa abu ya yi daɗi ba. Ayi kuwa ko loma uku ba ta yi ba, idonta na kansa, tana jira ya yi maganar akwati.

Tun da nama ya ƙare Baba ya saba rufe cin abincinsa da kofin nono mai sanyi, abin da a da ba ya samu a daren Asabar, domin wanda ya ci nama sai ya yi sa'o'i kafin ya taɓa nono. Na je na ɗebo masa kamar kullum. Ina kawowa sai ya ɗaga hannu ya tare ni.

"Mayar da shi."

"Baba, fanas ne fa. Ɗan itace."

"Na san abin da na ci." Bai dube ni ba, babbar tukunyar yake kallo. "Daga wancan gefen ya fito. Yau mun ci nama a gidan nan, zan jira."

Na juya in mayar da kofin, sai na ga Ayi ta ja gefen sarinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Baba ya gyara murya.

"Juma'a mai zuwa ki ƙara barkono," ya ce.