Me Kuka Ci Yau?

Ranar da abinci bai zo ba, Tsuntsuwa tana gaba-gaba a layi, ta rungume farantinta a ƙirji kamar littafi. An kaɗa ƙararrawa kamar kullum, yara sun fito a guje kamar kullum, sai dai rumfar girki shiru take, babu hayaƙi, babu ƙamshi. Manyan tukwanen da gwamnati ta kawo suna kife a kan duwatsu. Mai Ludayi, matar da ke zuba musu abinci, tana zaune a kan guda ta zuba tagumi.

Hedimasta ya fito yana goge gilashinsa da gefen riga. "Motar buhuna ce ta samu matsala. Sati mai zuwa, in Allah ya yarda. Kowa ya koma aji."

"Malam, shi ma cikin sai sati mai zuwa?" in ji wani yaro daga can baya.

Aka kwashe da dariya. Tsuntsuwa ba ta yi ba. Hankalinta ya riga ya tafi gida.

Makarantar tana da nisa, sai an tsallaka gada an bi gefen titin jirgi. Yaran layinsu duk ta kusa suke zuwa, inda ba a ba da abinci. Umma ce ta zaɓa mata ta nesan, kuma ba ta ɓoye dalili ba. Tun da Baba ya tafi neman aiki ya koma sai kira jefi-jefi, wanki da guga ne ke riƙe da ɗakin. Da safe shayi da ɗan burodi, da yamma ma haka. Tukunya sau ɗaya ake ɗorawa, da rana, a raba ta gida biyu: Umma da Auta, ƙanin Tsuntsuwa. Ita ai ta ci a makaranta.

Asabar da Lahadi kuwa, da tukunyar ke bukatar rabuwa gida uku, sai Umma ta zuba faranti biyu ta miƙa wa yaran, ta ce, "Ku ci, ni na ci a gidan da na kai guga." Tsuntsuwa ta taɓa raka ta gidan. A bakin get mai gadi yake karɓar kayan, ko ruwa ba a ba ta.

Da ta iso gida ran nan, ta tarar an gama rabo. Umma tana zaune a bakin ƙofa tsakanin baho da tulin kayan mutane, ta kai loma ta farko baki ke nan. Auta ya taho a guje ya rungume ƙafafunta.

"Yaya, me kuka ci yau?"

Kullum sai ya tambaya. Tsuntsuwa ta dubi farantin Umma, ɗan abin da ke ciki ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ta san idan ta faɗi gaskiya, farantin nan zai dawo gabanta, a kuma tuno da gidan guga.

"Shinkafa da wake," ta ce. "Da ƙwai."

"Ina nawa rabin?"

Da ma takan ɓoyo masa rabin ƙwai a aljihu. "An hana. Yanzu duba aljihu ake yi a bakin get."

Umma ta miƙo hannu ta karɓi farantin makaranta za ta jefa a baho, sai ta juya shi. "Yau kuma a wanke?"

"Sabuwar doka ce. Kowa ya wanke nasa a famfo."

"To, madalla. Sun rage mini aiki."

Haka aka fara. Ita a ranta na sati guda ne kawai.

Sati mai zuwan ya zo, ya wuce, wani ya biyo shi. Duk Litinin sai hedimasta ya goge gilashi ya ce sati mai zuwa, har yara suka koma kiransa da haka a bayan idonsa. Benci ya fara yin fili. Waɗanda abinci ya kawo, rashinsa ya mayar da su talla da kasuwa. Waɗanda suka rage ba su daina zuwa da faranti ba, sai dai yanzu kiɗa suke yi da shi idan an fita tara. Mai Ludayi ma ba ta daina zuwa ba. Takan share rumfar, ta kakkaɓe tukwane, ta zauna.

"Inna, tunda babu girki me kike zuwa yi?" Tsuntsuwa ta tambaye ta wata rana.

"Ke me kike zuwa yi da faranti? In na zauna a gida ranar da motar za ta zo, wata za su ɗauka. Ke dai sha ruwa, 'yar nan, kin ga leɓenki kuwa?"

Ta sha. Ruwan famfo yana riƙe ciki na ɗan lokaci, daga nan sai ya fara ƙugi, ta danne shi da jaka don kada ta kusa da ita ta ji. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne karatu. Ita da ko takardar da aka ƙunso sabulu ba ta wuce ta ba sai ta karanta, yanzu in rana ta take sai haruffan allo su dinga iyo, ta karanta layi ta kai ƙarshe ta manta farkonsa.

A gida kuwa abinci sai ƙaruwa yake yi. Auta ya gaji da jin shinkafa da wake, don haka ta ƙara masa kifi. Akwai wani littafi a akwatin aji mai hotunan abinci masu gina jiki, daga nan take ɗebowa. Litinin taliya da nama, Talata dankali da madara a kofi, Laraba har da lemo an yanka shi huɗu. A kan gada take shirya labarin, ta gyara shi kamar insha'i. Tana ba da shi yawunta na tsinkewa, wani lokacin har ta ji kamar ta ci ɗin.

"Kifin babba ne?"

"Kamar tafin hannun Umma."

"Kai! Da ƙaya?"

"An cire. Gwamnati ba ta son yara su shaƙe."

Umma tana fifita gawayin dutsen guga tana dariya. "Ke dai ba a banza na sa miki Tsuntsuwa ba. Ana ɗura miki kifi da madara, amma wuya kamar mariƙin lema. Ina kike kai shi?"

"Tsawo nake yi, Umma."

Dariyar Umma ita ce ladan. Kuma tana ganin Umma na cinye nata rabon har ta suɗe cokali. Sai ta ji yunwar ta yi sauƙi kaɗan.

Sai ga shi wata Asabar Umma ta dawo daga babban gidan nan da take kai guga hannu rabbana, babu ƙullin kaya a ka. Sun sayi injin wanki, mai aikinsu kuma za ta dinga guga. Su ne rabin aikinta. Ta zauna a bakin katifa ta daɗe tana kallon buhun shinkafar da ya kwanta a lungu kamar tsumma. Can sai ta kira Auta, ta tsayar da shi a jikin ƙofa, ta dafa kansa.

"Ai ka isa. Wanda bai kai ka ba ma yana zuwa." Ta juyo wurin Tsuntsuwa. "Litinin ki tafi da shi. Ki ce wa hedimasta zan zo daga baya. Tunda Allah ya sa abincin nan ya inganta haka, ku ci can ku biyu, in huta da ɗora tukunyar rana. Abin da ya rage sai ya kai mu wani lokaci."

Tsuntsuwa ta yi saurin cewa, "Umma, da nisa fa. Ba zai iya ba."

"Zan iya!" Auta ya yi tsalle. "Ni da nake tsere da kare!"

"Kuma ba kullum ake bayarwa da yawa ba. Wani lokacin..."

"Ke da kika ce jiya har ƙari aka yi muku? Ko rowa za ki yi wa ƙaninki? Abincin ubanki ne?"

Cikin wasa ta faɗa, har da lakuce mata hanci. Tsuntsuwa ta so ta faɗi gaskiya. Ta ce a ranta bari Umma ta gama shan ruwa. Bari Auta ya fita. Kafin nan Umma ta ciro tsohuwar rigar makarantarta ta fara rage hannu, tana 'yar waƙa. Rabon da ta ji ta tana waƙa tun Baba yana nan. Sai Tsuntsuwa ta fasa faɗa. Ai hedimasta ya ce sati mai zuwa. Wata Litinin ɗin dole ta zama gaskiya, me zai hana ta zama wannan?

Ranar Litinin rigar Auta ta sha guga har tana ƙyalli. Umma ta saka masa nata farantin a leda, da cokali. Tun daga ƙofa har gada bakinsa bai rufu ba.

"Yaya, yau ranar taliya ce ko? In na cinye zan ce a ƙara. Ni ba zan wanke farantina ba, lashewa zan yi. Mai Ludayi tana da faɗa?"

Tsuntsuwa tana riƙe da hannunsa. Ido kawai take bazawa a titi, duk babbar motar da ta taho sai ta bi ta da kallo har ta wuce kwanar makaranta. Da suka shiga get ta dubi saman rumfa. Babu hayaƙi.

Hedimasta bai ko yi tambaya ba, benci ne ga su nan birjik. Aka kai Auta ajin ƙanana. Ita kuwa har aka kaɗa ƙararrawa ba ta san me aka koyar ba.

Kafin ta fito Auta ya riga ta. Yana tsaye shi kaɗai a gaban rumfa, ya miƙe ƙam, ya tallabe faranti da hannu biyu, shi ne farkon layin da babu kowa a bayansa. Manyan yara suka kewaye shi.

"Kai, sabon shiga! Me za a zuba maka?"

"Taliya da nama," ya ce.

Suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. "A ƙara masa da kaza! Inna, buɗe tukunyar sati mai zuwa!"

"Ku ɓace mini da gani, marasa kunya!" Mai Ludayi ta daka musu tsawa. Ta dubi yaron, ta dubi Tsuntsuwa da ta iso tana haki. "Naki ne? Ba ki gaya musu a gida ba?"

Tsuntsuwa ta sunkuyar da kai.

Auta ya zagaya ya ɗaga gefen wata tukunya da ƙyar, ya leƙa. Ƙadangare ya fito a guje. Ya saki tukunyar, ya juyo.

"Yaya, an cinye ne? Mun makara?"

Ta ja shi zuwa famfo, ta tara masa hannu ya sha. Bai yi kuka ba sai da suka kama hanya. A kan gada ƙafarsa ta gaza, ta goya shi, ledar faranti tana bugun cinyarta. A daidai nan ne kullum take shirya labari. Ta san yadda za ta yi: ta ce masa wasa ne, ta koya masa abin da zai faɗa, taliya da nama, a cire ƙari don kada ya yi yawa. Yaro ne mai kama abu. Har ta buɗe baki, sai ta ji cikinsa yana ƙugi a jikin bayanta. Ta rufe bakin.

A gida kurfoti a sanyaye yake, tukunya a kife. Umma ta tare su da fara'a.

"Oyoyo 'yan boko! To, Auta, yau kai za ka ba mu labari. Me kuka ci?"

Auta ya ɗaga kai ya dubi yayarsa.

"Ba mu ci komai ba, Umma," in ji Tsuntsuwa. "An daina bayarwa."

"Yau ɗin?"

"Tun ranar da na fara kawo farantin a wanke."

Umma ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta kamo hannun 'yarta, ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta juye gawayin dutsen guga a kurfoti, ta zazzage buhun shinkafa har ƙasa.

Can shinkafar ta nuna. Umma ta ɗauki farantin makaranta da wanda ta ba Auta, ta raba tukunyar biyu, ta kankare ƙanzon ta ɗora a na Tsuntsuwa.

"Ke fa, Umma?"

"Ku ci. Na ci a gidan da na kai guga."

Dutsen guga yana nan a gefe, babu ko gawayi a cikinsa. Tsuntsuwa ta so ta tura farantin tsakiya. Ta so ƙwarai. Hannunta ne ya ƙi, ya ɗauki cokali ya kai baki, ya sake kaiwa, hawaye na sauka a cikin shinkafar tana haɗiyewa da su.

"Gobe ma za mu je?" Auta ya tambaya da cikakken baki.

Umma tana wanke tukunya, ta juya musu baya.

"Ku je," ta ce. "Ku tafi da farantanku."