Ruwa a Filin Ardcorra

Kwabo ɗaya aka jefa sama a ɗakin taron hukumar wasanni, ya faɗo gefen Ardcorra. Dympna Hegarty, sakatariyar kulob ɗin, ta fito bakinta har kunne: wasan kusa da na ƙarshe, da Kilbrenny, kuma a filin gida. Irin ƙwallon yankin ce, wadda ake cafewa da hannu a buga da ƙafa, a kuma ci maki ko ta saman raga ta bi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Alƙalin wasa zai duba filin ranar Asabar da tsakar rana, in ya ga ba ya takuwa, wasan Lahadi ya koma Kilbrenny.

Kowa a gidansa sarki ne, balle a filin da ya gangara wajen teku, inda baƙo kan buga ƙwallo sama ya ga iska ta kai ta gonar dankali. Amma ba iska ce ta dami Dympna ba. Tagar kicin ɗinta tana kallon filin ne kai tsaye, a bakin tagar kuma mijinta Fachtna yake wuni cikin keken marasa lafiya. Shekara arba'in yana kula da wannan fili kafin shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa na dama da harshensa. Likita ya hana a fitar da shi cikin sanyi. Autansu Cathal, kyaftin ɗin Ardcorra, ya ce daga bana ya ajiye takalma. In wasan nan ya bar gida, uban ba zai ƙara ganin ɗansa da rigar kulob ba.

Ran Talata aka kece da ruwa, bai tsagaita ba sai Juma'a da hantsi.

Dympna ta tsaya a tsakiyar fili, ruwa har idon sawun takalmin robarta. Gaban ragar da ke gefen teku ya zama tafki, har agwagi biyu sun samu wurin shaƙatawa. Ta tara duk mai hannu a ƙauyen, maza da mata, kowa da shebur mai yatsu yana huda ƙasa. Wasu na kwalfa da bokiti suna zubarwa bayan katanga, ruwan ya zagayo ya dawo musu. Ta yi faɗa har muryarta ta dishe, ta zagi agwagin, ta zagi hukumar.

"Mama, wahalar banza muke yi," in ji Cathal, jiƙe sharkaf. "A da ruwa ba ya kwanciya haka. Yaya Baba yake yi ne?"

"Ka taɓa jin ya faɗa wa wani? Ubanka ko ni bai yarda in taɓa masa injin yankan ciyawa ba."

Gaskiya ta faɗa. Masu kula da fili a wannan yanki duk halinsu ɗaya: sirrin ƙasa nasu ne su kaɗai, sai ka ce ba za su tsufa ba. Tun da aka fara ruwan nan Fachtna ke dukan gilashin taga da hannun hagu yana gurnani. Dympna ta ɗauka baƙin cikin ganin filinsa ne, sai ta ja labule don ya huta.

Wajen la'asar wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Mai ita ya fito da hula ja da fari, launin Kilbrenny, aiki ya tsaya cak. Malachy Tierney ne, mai kula da filinsu, wanda ya shekara goma sha biyu yana tsare Fachtna a fili lokacin da suke 'yan wasa, ya fasa masa hanci sau biyu. Ko a jana'iza suka haɗu, gyaɗa kai ne gaisuwarsu. Ruwa ba ya tsami banza, Dympna ta faɗa a ranta, an turo shi leƙen asiri.

"Sannunku da kamun kifi," ya ce. "An samu na miya?"

"Malachy, in kallo ka zo, ka gani. Je ka ce musu su share filinku."

"Namu a bushe yake kamar burodin jiya, uwargida. Wa ya ba ku shawarar bokitin nan? Ku nemo shi ku ba shi lambar yabo."

Cathal ya tako, uwar ta tare shi da hannu. Tsohon bai ko dube shi ba. Ya bi gefen fili yana dogara sanda har kusurwar da ƙayoyi suka cinye katanga, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Akwai magudanar dutse a ƙarƙashin filin nan," ya ce. "Ni da mijinki muka yi dakon duwatsunta muna 'yan shekara goma sha bakwai. Bakinta na nan cikin ƙayar nan, kuma in ba a yashe shi duk kaka ba, toshewa yake. Yaushe rabon a yashe?"

Ba wanda ya sake yashe shi. Shekara biyu ke nan da kwanciyar Fachtna.

"Sai dai na manta daidai wurin. Buɗe labulen can, mai abin ya faɗa mana," in ji Malachy.

Dympna ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana huɗu mutumin nan yana faɗa mata, ita kuwa tana rufe masa baki da labule. Ta ruga gida da takalmanta masu taɓo, ta yaye labulen, ta tura keken har jikin gilashi.

"Yafe mini, mai gida," ta ce. "Ga abokin gabarka can, nuna masa."

Malachy ya kafa sanda a wani wuri ya ɗago kai. Fachtna ya kaɗa hannu: gaba. Ya matsa taku uku. Gaba dai. Ya ƙara biyu. Sai hannun ya sauka a kan cinya da ƙarfi. Nan aka sare ƙaya, aka haƙa, Cathal ya kwanta rub da ciki ya zura hannu har kafaɗa yana zaro laka da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi. Can sai ramin ya yi gyatsa, baƙin ruwa ya ɓarke ya wanke masa fuska. Ihun da aka yi ya tashi agwagin.

Dympna ta tarar da Malachy yana goge sandarsa a ciyawa.

"Mutanenka za su cinye ka ɗanye," ta ce. "Wasan nan ya kusa faɗo muku a hannu."

"Su ci. In muka doke ku a Kilbrenny, sai ku shekara talatin kuna cewa ruwan sama ne ya doke ku. A nan nake so a yi muku dukan, gaban tagarsa, ya gani da idonsa."

Ta ce ya shigo ya sha shayi, ya ce bai taɓa shan shayin Ardcorra ba, ba kuma yau zai fara ba.

Asabar da tsakar rana alƙali Ultan Devane ya iso da ƙwallo a hammata. Mutum ne da ba ya dariya ko a biki. Ya zagaye filin sau biyu yana danna dunduniya, rabin ƙauye na biye da shi a hankali. A gaban ragar teku ya ɗaga ƙwallon daidai ƙirji ya sake ta. Ta bugi ƙasa, ta tashi, da ƙyar ta kai gwiwarsa.

"Ku zuba yashi a gaban ragar nan," ya ce. "Gobe ƙarfe biyu da rabi."

Ran Lahadi bayan coci, motocin Kilbrenny suka cika hanya har bakin maƙabarta. Shekara ashirin Dympna ba ta rasa tsayuwa a gefen layi da takardar sunayen 'yan wasa ba, amma yau ta miƙa wa mataimakinta ta koma gida. Ta aske Fachtna, ta sa masa koriyar rigar sanyinsa, ta buɗe taga ɗan kaɗan don ya ji hayaniya.

Ana shirin jefa ƙwallo sama a fara wasa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malachy ne.

"'Yan garinmu sun ce in na zauna kusa da su sai sun jefa ni teku," ya ce. "Akwai kujera?"

Ta jawo masa ɗaya kusa da keken. Tsofaffin biyu suka gyaɗa wa juna kai. Kilbrenny suka fara cin maki biyu, Malachy na ta bayani da ƙarfi kamar wanda yake kusa da shi makaho ne. Sai ga Cathal ya tashi sama tsakanin mutum uku ya cafe ƙwallo, ya sauko, ya juya, ya aika ta can gefen dama kamar ya yi kuskure. Iskar teku ta karɓe ta, ta lanƙwaso ta a hankali, ta ratsa da ita tsakanin dogayen sandunan raga biyu, Ardcorra ta ci maki. Filin ya ɗauka da ihu. Cathal bai bi abokansa ba, ya tsaya ya ɗaga hannu wajen gidansu.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Fachtna, har gaban Dympna ya faɗi. Ta sunkuya ta duba. Dariya yake yi, da rabin bakin da ya rage masa, hawaye na bin kumatunsa, kafaɗarsa ta hagu na girgiza.

Malachy bai ɗauke ido daga fili ba.

"Kai Fachtna, yi mana shiru haka nan," ya ce. "Surutunka ya yi yawa, ka hana mutane kallo."