Gashin Ɗan Mai Aski

Ƙaras! Almakashi ya riga ya haɗe baki kafin Baba Mai Aski ya gama shawara da zuciyarsa. Sai ga igiyar gashi guda a hannunsa, murɗaɗɗiya, ta fi kamu ɗaya tsawo. Mai gashin kuwa, wato autansa, yana sheme a kujerar aski, baki buɗe, yana ta sharar barci.

Auta direban motar kaya ne. Da hantsi ya dawo daga doguwar tafiya, ya shigo shago ya gaida uban, ya ce akwai maganar da ya zo da ita, amma a gama da mutane tukuna. Kafin a sallami na ƙarshe, barci ya yi awon gaba da shi.

Shekara da shekaru ke nan gashin yana tsone wa Baba ido. Mutumin da ya aske rabin unguwa, a ce ɗan cikinsa ne ke yawo da dada, murɗaɗɗen gashi igiya-igiya, har gadon baya! Abokan hirarsa kullum sai sun tambaye shi ko kilifarsa ba ta kama kan 'yan gida ne. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa yaron da kawunnansa, duk a banza. Magana ɗaya Auta ya yi: ranar da aka sa wa gashin nan almakashi ba da yardarsa ba, ya bar gidan ke nan. Auta kuma ba ya magana biyu, a wurin uban ya gaji taurin kai.

Yanzu da aikin gama ya gama, sai Baba ya tuna da wannan maganar. Da ma a ƙeya ya yanka, da sauƙi. Amma hannun mai aski daga goshi ya saba farawa, don haka ga guntun nan a tsaye ƙiƙam a gaban kai, sai ka ce ƙahon ɗan akuya. Ya danna shi da yatsa, ya miƙe. Ya shafa masa yawu, ya sake miƙewa.

Ya cire takalmi, ya yi sanɗa zuwa shagon da ke jikin nasa. Mai Kitso tana wanke mataji ya zaro igiyar daga aljihu ya nuna mata. Ta dube ta, ta dube shi, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Maƙwabci, da girmanka? Barci ka jira ya yi?"

"Ke dai rufa min asiri. Ana mayar da shi?"

"Ana mayarwa mana. Amma ni hannuna bai yanke ba, ba kuma zai ɗinke ba. Baki kawai zan ara maka."

Ta ɗauko wata siririyar allura mai ƙugiya a baki, ta biyo shi tana toshe dariya da gyale. A kan Auta suka tsaya suna raɗa. Ta sa shi ya tsefe bakin guntun, ya tsefe bakin igiyar, ya cusa su cikin juna. Daga nan sai soka allura da jawo gashi sili-sili, daga wannan ɓangare zuwa wancan, har su kama juna. Baba ya miƙa hannu ga kwalbar mai, ta buge hannun.

"Kai, wa ya ce maka ana lafta masa mai? Ƙura zai kwasa, ya yi nauyi. Ɗan yayyafin ruwa ya ishe shi."

"Ke ina kika san duk wannan?"

"Wa kake zato yake murza masa tushen in sabon gashi ya fito? Ta ƙofar baya yake shigowa don kada ranka ya ɓaci."

"Ashe ke ce!"

"Ɗaga murya mana, ya tashi mu yi bayanin tare."

Baba ya koma kan aikin, ya duƙufa. Allurar ba ta san girma ba: in ta shiga gashi sau ɗaya, sai ta shiga ɗan yatsa sau ɗaya. Da Auta ya motsa, sai ga dattijo da furfurarsa ya ɗauki jarida yana yi wa ƙato fifita har numfashinsa ya sake daidaita.

Yana cikin buɗa gashin ne ya ga fatar kan. Fes take, ba amosani, ba komai, sai ƙamshin sabulu. Shi da ya sha gaya wa mutane cewa kwarkwata ta yi gari a ciki. Mai Kitso ta ce yaron kan yini a rana in ya wanke, don kada damshi ya kwana a ciki ya yi wari, kuma ba ya kwanciya sai ya ɗaure shi da ƙyalle mai santsi. Can gefen kunne Baba ya ci karo da tabon da Auta ya samu yana ƙarami, ranar da ya faɗo daga wannan kujerar. Rabonsa da taɓa kan ɗansa har ya manta. Kunya ta kama shi, da wani tausayi da bai shirya masa ba.

Da ya gama, ya murza wurin tsakanin tafukansa kamar yadda aka umarce shi. Igiyar ta kwanta cikin 'yan'uwanta. Ya ja ta a hankali, ba ta zo ba. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, har da karkata kai, irin kallon da yake yi wa askin ango.

Sai ga Auta ya yi miƙa, ya murza ido.

"Baba, yi haƙuri, barci ya sace ni. An gama da mutanen?"

"An gama. Ina jin ka."

Auta ya daɗe yana kallon kansa a madubi, sannan ya tattara gashin ya mayar baya.

"Aski na zo ka yi min. Ka kwashe shi duka. Na gaji da ganin kana sunkuyar da kai in na wuce gaban abokanka."

A bakin ƙofa Mai Kitso ta cusa gyale a baki, kafaɗunta suna rawa. Baba ya dubi yatsunsa da suka sha suka, ya dubi igiyar goshin, wadda yanzu shi kansa da ƙyar yake gane ta. Ya ɗauki kilifa, ya hure ta, ya kakkaɓe. A hankali ya sa babban yatsan ƙafa ya zare wayarta daga bango. Ya danna makunni, shiru.

"Ka gani? An ɗauke wuta."

Auta ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke ta juyi a samansu.

"Baba, ai fanka tana..."

"Sauran ɗazu ne take ƙarasawa. Tashi ka ba mutane wuri."

Auta ya waiwaya. Babu kowa a kan benci.